Sange Ma Hidima Ce: Kira Ga Muridan Dogarawa Kafin Damina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Allah Maɗaukaki ya buga misali da sauro a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, kuma malaman tafsiri sun kawo cewa da sauro aka halaka Namarudu duk da mulkinsa. Wanda ya san wannan ba zai raina sauro ba.

Ƙasar Dogarawa tana cikin kwarin Maggiya. Ruwan da ke ba Galmi albasarta, shi ne kuma yake kwanciya a tabkuna da fadamu, sauro ya yi ƙwai a ciki. Daga watan Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yakan cika gidajen likita daga Malbaza har Ƙonni da Illela, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu ya fi kayarwa. Macen sauron da ke ɗauke da cutar da dare take cizo, shi ya sa sange mai magani, wato gidan sauro, ya zama garkuwa. Guda ɗaya yakan kai wajen shekara 3 in an kula da shi.

Hukuma takan raba sange, tana kuma ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi a damina. Amma almajirin da ke kwana a zauren zawiya ya wuce waɗannan shekaru, iyayensa kuma suna nesa. Da rana yana riƙe da allo, da dare sauro na shan jininsa. Wa zai tuna da shi in ba 'yan'uwa ba?

Wani zai ce ciwo da lafiya na Allah ne. Gaskiya ne. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Shehunnai kuma sun tarbiyyantar da muridai a kan cewa hidima ga bayin Allah hanya ce ta kusanci gare Shi.

Don haka ya kamata kowace zawiya ta ajiye asusu bayan wazifa da zikirin Juma'a, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, ko dala ashirin ce. Muƙaddami ya naɗa amintattu biyu su riƙe lissafi, a sayi sange kafin ruwan farko. A fara da almajirai, marayu da masu ciki. A ɗaura musu da hannu, a kuma roƙi mutane kada su mayar da shi shingen lambu ko komar kifi.

Wanda ya kwana yana zikiri, da yaron da ya kwana lafiya a sangen da ya saya, dukansu biyu suna cikin mizaninsa.

Allah ya karɓa, ya ba marasa lafiya sauƙi, albarkar Annabi (SAW). Amin.