Matafiyi da Abincin Garin Mutane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya rarraba arziki a cikinta, Ya ba kowace al'umma abin da za ta ci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, mu mutane ne masu yawan tafiya. Cikinmu akwai fatake, akwai direbobin manyan motoci, akwai ƴan ci-rani da suka san Kwatanu da Lome da Kumasi da Abijan, akwai kuma alhazai. Ko wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba, in ya bi hanyar Yamai zuwa Damagaram, sai ya sauka a tasha ya ci abin da hannun wata ya dafa. A Doso a miƙa masa kwaɗon zogale wanda Zabarmawa ke kira kopto, a Madawa ya tarar da kilishi, in ya yi arewa da Tawa wajen Abalak a tarbe shi da cuku da nonon raƙumi, in ya nufi Diffa ya iske bandar kifi da tattasai.

To, akwai wata cuta da take kama matafiyanmu, wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba. Mutum ya ga abincin da bai saba da shi ba, ransa ya ƙi, sai harshensa ya riga iliminsa: "Wannan ai haramun ne," ko "wannan abincin arna ne." In ya dawo gida kuma ya zauna a majalisa yana kwaikwayon yadda mutanen can suke ci, ana dariya. Ya ɗauka tsoron Allah ne ya hana shi ci, alhali kuwa sabo ne kawai. Allah (S.W.T.) Ya yi gargaɗi mai tsanani a aya ta 116 ta Suratun Nahli ga masu halattawa da haramtawa da harsunansu ba tare da hujja ba, Ya kira wannan ƙirƙira ƙarya a gare Shi. Haramta halas da halatta haram duk a aya guda aka haɗa su.

Ku dubi yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da irin wannan. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka Buhari da Muslim, cewa wata rana Annabi ya shiga ɗakin matarsa Maimuna tare da Halidu ɗan Walidu (R.A.). Aka kawo gasasshen dabbu, wata dabba mai rarrafe ta sahara dangin damo, wadda ƴar'uwar Maimuna ta zo da ita daga Najadu. Har ya miƙa hannu, sai matan suka sanar da shi ko mene ne, ya janye. Halidu ya tambaye shi ko haramun ne. Ya amsa masa da cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, saboda haka ransa bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo kwanon ya ci, Annabi yana kallonsa.

Ku tsaya a kan wannan amsa. Wanda wahayi yake sauko masa, wanda da ya ce "haramun ne" da magana ta ƙare har tashin Alƙiyama, shi ne ya raba abu biyu: ga hukuncin Allah, ga kuma abin da ya saba da shi a Makka. Bai ci ba, amma bai hana ba, bai kushe mutanen Najadu ba, bai kunyata wadda ta ɗauko tsarabar tun daga nesa ba. Abu Huraira (R.A.) ma ya shaida cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Kana da ikon ka bari, ɗan'uwa. Ikon aibatawa ne ba ka da shi.

Mu ma fa ana yi mana. Fara da muke soyawa da yaji, mu sayar da ita kwano-kwano a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, akwai musulmi a wasu ƙasashe da ko kallonta ba sa iyawa. Amma Abdullahi ɗan Abu Aufa (R.A.) ya ba da labarin yaƙoƙi bakwai da suka fita tare da Annabi suna cin fara. Kuma abin mamaki, Imamu Malik da fara ya auna dodon koɗi. Ya zo a Mudawwana cewa an tambaye shi game da wanda ake samu a ƙasashen Magrib, ya ce hukuncinsa kamar na fara ne: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi, wanda aka tarar matacce ba a ci. Ashe dodon koɗin da ɗan ci-rani yake gani cikin miya a Kumasi yana tofar da yawu, limamin mazhabarsa ya ajiye shi kusa da farar da ya baro gida. Haka kaguwa da jatan lande da sauran abin da ke rayuwa cikin ruwa: aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma a wurin Malikawa ba sa bukatar yanka.

Tarihi ya adana mana misalin matafiyin da ya zame a nan. Ibn Batuta, mutumin Tanja, ya iso Walata a shekarar 1352. Aka yi masa liyafar maraba da dakakken gero gauraye da ɗan zuma da nono a cikin ƙwarya. Malamin nan, alƙali, wanda ya ga Makka da Indiya, ya raina abin, har ya yanke cewa babu alherin da za a sa rai da shi daga mutanen. Wato fa kusan furarmu ce ya raina. Shekara ɗari shida da saba'in da ƴan kai ke nan, kuma har yau mai karanta littafin tafiyarsa daga cikinmu yana jin ɗacin maganar. Haka taka maganar take sauka a zuciyar mai acakke ko mai dokunu idan ka yamutse fuska a gabanta.

Kada wani ya fahimci cewa matafiyi zai rufe ido ya ci duk abin da ya samu. Abin da Allah Ya haramta ya ambace shi da sunansa a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida: mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka da sunan wanin Allah, da wanda aka shaƙe ko aka doke ko ya faɗo ya mutu ba a riski yankansa ba. Ku lura, duka wannan a kan nama ne. Rogo da doya da masara da ayaba da manja babu tambaya a kansu, ko wane ne ya dafa, muddin ba a gauraya su da haram ba. Saboda haka idan ka sauka a garin da musulmi ba su da rinjaye, tambayarka guda ce: wane nama ne, kuma wa ya yanka? Naman daji da aka tsinta matacce cikin tarko mushe ne, komai daɗin ƙamshinsa. Abin da aka yanka wa gunki ba a ci. Yankan Ahlul Kitabi kuwa aya ta 5 ta wannan sura ta halatta shi. In abin ya shige maka duhu, ka ci da kifi ko wake, ko ka nemi zango. Da wuya ka rasa mahauci musulmi a manyan garuruwan kurmi. Gidan abincin da giya take yawo a kan teburinsa, ka sayi naka in ya zama dole, ka fita da shi, domin an hana mumini zama a irin wannan teburi.

A ƙasar musulmi kuwa, yawan bincike ba taƙawa ba ne. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa wasu sun tambayi Annabi game da naman da sababbin shiga Musulunci suke kawo musu, ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa. Ya umarce su da su ambaci sunan Allah su ci. A Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, an kawo masa cuku, ya nemi wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Wanda ya tsare mai tuwo a tashar Ƙonni da tambayoyi kamar alƙali, ya munana zato ga musulma ba tare da dalili ba. Alhazai kuma su sani: in kun ci naman raƙumi a Makka kuka ga wani ya tashi sake alwala, yana bin mazhabar Imamu Ahmad ne, a wurin Malik alwalarku tana nan. Babu abin jayayya.

Sauran magana ita ce ta lafiya, domin jiki amana ne. Shi wannan Ibn Batuta, kwana goma bayan isarsa birnin sarkin Mali, sun ci wani fate na saiwa su shida, duka suka kwanta, ɗaya ya rasu. Halas ne abin da suka ci, amma halas ba ya nufin cikinka ya san shi. Ka fara da kaɗan, ka zaɓi abin da aka sauke da zafinsa, ka wanke hannu, ka kula da ruwan da kake sha, musamman da damina lokacin da kwalara take yaɗuwa. In kuwa baƙunta aka yi maka kuma ka kasa ci, ka taɓa ko loma ɗaya in za ka iya, ka ce "na ƙoshi, Allah Ya ƙara arziki," ka yi wa mai gida addu'a. Mai sayarwa ma ka biya ta kuɗinta cikakke kafin mota ta tashi. Da yawa sukan fake da kiran direba su tafi da canjin baiwar Allah, suna ganin ba za su sake biyowa ta garin ba.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya maido su ga iyalansu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.