A Faɗa Wa Goggo Ko A Ɓoye Mata?

Bara da damina na sayi na'urar auna hawan jini a wani kemis cikin Katsina, irin mai batir ɗin nan da ake ɗaurawa a damtse, na kai wa Goggo, yayar mahaifinmu. Shekarunta sun haura sittin. Asalinta wani ƙauye ne a ƙasar Safana, daf da Dajin Rugu, amma tun da 'yan bindiga suka tashi garin nasu take zaune cikin Batsari, a gidan babban ɗanta. Na zaunar da ita, na ɗaura mata, na danna. Na'urar ta matse, ta saki, ta rubuta 176/102.

Goggo ba ta yi boko ba. Ni ta kalla ta ce, "To, me ta ce?"

Ɗan nata, wanda nake kira Yaya, ya riga ni baki: "Ta ce lafiya lau, Inna." Daga nan ya ja ni zaure. "Kada ka faɗa mata. Matar da ko babur ya wuce da dare sai ta tashi zaune, ita za ka ƙara wa fargaba? In ta ji, ai jinin ƙara hawa zai yi."

Tun ranar nake juya maganar. Shin wanda ya ga mugun sakamako a jikin wani yana da damar ɓoye masa saboda tausayi?

Yaya yana da hujja. Tsoro yana ɗaga awo, likitoci ma sun sani: akwai mutanen da jininsu ke hawa don kawai sun shiga asibiti. Shi ya sa a asibiti ake fara zargin hawan jini daga 140/90, a gida kuwa, inda hankali ya fi kwanciya, daga 135/85. Kuma mu mutane ne masu lulluɓe mugun labari. In an yi rasuwa, wanda ke nesa ce masa ake jikin ya yi tsanani, ya taho. Ba mu ɗauki wannan ƙarya ba, jinƙai muke kiransa.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi. Sani yana da daɗi ne inda za a iya aiki da shi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ba a fara dawo da su ba sai Disamba. Wanda ya rayu a lokacin ya san yadda ake kwana da majinyaci ba halin kiran kowa, ba halin hawa hanya da dare. Mutumin da ya ga wannan, in ya ce maka lamba ba ta warkarwa, ba jahilci ne ya sa shi faɗa ba.

Duk da haka ban yarda da shi ba.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma hawan jini bai san wannan karin maganar ba. Mutum na noma, yana cin tuwo, yana dariya, cutar tana cin jijiyoyinsa da ƙodarsa a ɓoye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke ɗauke da ita, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Sau da yawa sanarwar farko ita ce shanyewar ɓarin jiki, sai a ce iska ce ta buge shi. Ɓoye wa Goggo lambar bai cire ta daga haɗari ba, ya dai bar ta cikin rabin nan da ba su sani ba.

Labarin rasuwa kuma daban yake. Can abin ya riga ya faru, jinkirta faɗa ba ya sauya komai. Nan kuwa maganin yana hannun wadda ake ɓoye wa. Ita ke zuba gishiri da ɗunƙule a miya, alhali abin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Ita za ta haɗiyi ƙwaya kullum, har ranar da take jin garau. Wa zai jure shan magani shekara da shekaru bayan an ce masa lafiyarsa lau?

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Goggo ta bar gonarta da awakinta da ɗakin da ta haifi 'ya'yanta, ba da shawararta ba. Inda za ta kwana ma wasu suka zaɓa mata. Jikinta ne kaɗai ya rage da za ta ce nata ne. In muka riƙe labarinsa a tsakaninmu, mun ƙara karɓe mata wani abu ke nan, ko da da kyakkyawar niyya.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, don haka muka yi mako guda muna aunawa safe da yamma. Ta zauna a kujera minti 5, bayanta a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba goro, ba hira. Lambar sama ba ta taɓa sauka ƙasa da 160 ba. Ran na bakwai na faɗa mata a gaban Yaya.

Ba ta razana ba. Cewa ta yi, "Ai tun ranar farko na sani, ɗan nan. Na ga fuskarka." Ashe kwana bakwai ta yi tana ɗauke da abin ita kaɗai, tana tsammanin ya fi haka muni tunda har ake ɓoye mata. Sai ta ƙara da, "To yanzu me za a yi?"

A nan na ga nawa laifin. Na zo da na'ura, ban zo da amsar wannan tambayar ba. Wanda ya faɗi lamba ya hau mota ya koma birni, kamar wanda ya yi ihun "ga su nan!" ne bai nuna wa kowa hanyar gudu ba. Ashe gaskiyar Yaya ke nan: faɗa yana da nauyi, kuma wanda ya faɗa shi zai ɗauka. Shi zai kai ta wurin ma'aikacin lafiya, domin na'ura ba ta rubuta magani, kuma ƙwayar maƙwabciya ba ta kowa ba ce. Shi zai ji da kuɗin magani duk wata, da batir. Shi zai koya wa mutanen gida cewa in awo ya kai 180/120, ga ciwon ƙirji ko karkacewar baki ko mutuwar hannu, ba a jiran gari ya waye in dai akwai hanya.

Na'urar ba ta auna abin da ke hana Goggo barci, kuma babu ƙwayar da za ta mayar da ita ƙauyensu. Wannan yana wuyan waɗanda aka ba amanar tsaron mutane. Abin da ke wuyanmu ƙarami ne, amma namu ne.

Har yau ni da Yaya ba mu gama daidaitawa ba. Yana cewa sa'a na ci, da wata tsohuwar ce da na kwantar da ita. Wataƙila. Amma shi ne yanzu ke rubuta lambobin a littafin makarantar 'yarsa, kuma duk safiya in Goggo ta tambaya me ta ce, yana karanta mata yadda suke.