Ciwon Gado: Sirrin Wane Ne?

Idan matashi ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, bai sake tashi ba, maganarmu a zaman makoki guda ce: lafiyarsa ƙalau, kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma a wasu gidajen, in aka bi salsala, za a tarar kawunsa ma haka ya tafi, ga kuma wata gwaggo da aka sani da yawan suma ana cewa iska ce. Kowa na riƙe da guntun labari, ba wanda ya haɗa. To, wanda likita ya shaida wa cewa rikicewar bugun zuciyarsa ta gado ce, yana da ikon ya ja bakinsa ya yi shiru?

Mu fara da abin da likitoci suka tabbatar. Zuciyar babban mutum na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana hutawa, kuma wata 'yar wutar lantarki da ita kanta take samarwa ce ke tsara bugun. Sau da yawa hawan jini ko tsufa ke rikita wannan tsari. Nau'in rikicewar da aka fi samu ga manya yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Amma akwai wanda gado ne tsantsa. Kaurin tsokar zuciya, alal misali, yana samun kimanin mutum 1 cikin 500, kuma idan uwa ko uba na ɗauke da ƙwayar halittar da ke jawo shi, kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Shi aka gano a zuciyar Marc-Vivien Foé, ɗan wasan Kamaru da ya faɗi ana tsakar wasa a birnin Liyon na Faransa a 2003, yana da shekara 28.

Gwajin kuwa ba ya zafi. Na ECG mintuna kaɗan ne, ana manna wayoyi a ƙirji su zana tafiyar bugun. Akwai hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu juna biyu, akwai kuma 'yar na'urar da ake rataya wa mutum awa 24 zuwa 48. In an gano matsala da wuri, akwai magunguna, akwai na'urar da ake dasawa a ƙirji ta daidaita bugun. Wani lokaci sanin kawai ya isa ya ceci rai, domin akwai nau'in gadon da wasu magungunan zazzaɓi irin su kwinin ke iya tsanantawa.

Mai yin shiru yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Mu mutane ne masu girmama rufin asiri. Mun san yadda kalmar "ciwo a dangi" ke wargaza neman aure, ta bar yarinya a gida ba laifin tsaye ba na zaune. Wani zai ce: me zai sa in jefa wa ƙannena fargabar abin da wataƙila ba zai taɓa samunsu ba, alhali ko kuɗin asibiti ba su da shi? Wannan tausayi ne, ba mu musa ba.

Sai dai tausayin ya yanke hukunci a madadin wanda ba a tambaya ba. Takardar sakamakon gwaji ta mai ita ce, amma haɗarin da ke rubuce a ciki na tarayya ne, kamar gonar gado da ba a raba ba. Ƙanen da yake jin faɗuwar gaba in ya hau bene yana ɗauka gajiya ce, da ya san tarihin gidansu da ya fassara alamar daban. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yaya zai shafa, in an ɓoye masa hayaƙin?

Saboda haka muna ganin faɗa wajibi ne, amma mai iyaka. Iyaye, 'yan'uwa na jini da 'ya'ya su ne masu haƙƙin ji, ba 'yan unguwa ba. Wanda aka faɗa wa shi ma ya karɓi amana: kada ya mayar da ita abin gori ranar faɗa. Baligi na iya ji ya ce ba zai je gwaji ba, wannan zaɓinsa ne. Yaro kuwa ba shi da bakin zaɓa, nauyinsa na wuyan iyaye.

Kada kuma mu ɗora wa na'ura abin da ba ta yi alkawari ba. Sakamako mai kyau yau ba ya nufin an gama, shi ya sa likita kan ce a dawo bayan wani lokaci. Gwaji ba ya ƙara kwana, mun yarda. Amma mun riga mun koyi yin gwajin sikila kafin aure ba tare da imaninmu ya ragu ba. Abin da ya rage shi ne mu iya zama da ɗan'uwa mu ce masa: "Yaya, ga abin da likita ya gani a jikina, ya ce kai ma ka je a duba ka."