Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Nasiha ga Marubutan Zangon Wagadugu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu, ya ba shi hankalin da zai hango ƙarshen al'amari tun yana farkonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan maƙala ce a kan tsara ƙagaggen labari kafin a rubuta shi. Na yi ta domin samari da 'yan mata, jikokin Hausawan unguwannin Zangouettin da Kamsaoghin na Wagadugu, waɗanda suka soma rubuta labarai a littafin makaranta ko a waya. Na kasa ta zuwa gabatarwa, da fasali huɗu, da kammalawa.

Gabatarwa

Ka sani, ya ɗan'uwa, kakanninmu sun shigo ƙasar Mosawa ne a kan hanyar fatauci, masu zuwa Gwanja sayen goro. Wasu suka yi zango, zangon ya zama gida a ƙarƙashin sarautar Mogo Naba, sarkin Mosawa, shi ne Zangouettin. Kamsaoghin kuwa ta samo sunanta daga Kamsaogo Naba, ɗaya daga cikin manyan fadar. A shekarar 2003 aka rushe Zangouettin da sassan unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, har da Kamsaoghin da Tiedpalogo da Koulouba, domin shirin ZACA na mayar da tsakiyar birni wurin kasuwanci da ofisoshi. Dubban mutane suka kwashe kaya, wasu suka koma gefen Ouaga 2000, wasu Nioko. Jaririn da aka haifa a waccan shekarar yau ya haura ashirin, bai taɓa taka lungunan da iyayensa ke ambato ba. Abin da ya saura na unguwar yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Saboda haka duk wanda ya ɗauki alƙalami zai ƙaga labari a kan wannan wuri ya ɗauki amana, amana kuwa ba a ɗaukarta da garaje.

Fasali na farko: gyara niyya

Farkon tsari shi ne mutum ya tambayi zuciyarsa me ya sa zai rubuta. Wasu ɗalibai kan ji ɗar, suna tsoron kada ƙaga labari ya zama ƙarya. Amsar tana cikin littafin da malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa, wato Maƙamatul Hariri. Marubucinsa, mutumin Basra wanda ya rasu a shekarar 516 bayan Hijira, ya ƙago mutum biyu, Harisu ɗan Hammam mai ba da labari da Abu Zaid na Saruj mai wayo da fasaha, ya gina musu maƙamomi 50. A gabatarwarsa ya kare kansa da cewa aikinsa irin na masu sanya magana a bakin dabbobi ne domin faɗakarwa, kuma niyya ita ce ma'aunin aiki. Ƙarya ita ce ka ruɗi mai sauraro ya ɗauki abin da bai faru ba a matsayin ya faru. Inda mai faɗa da mai ji duk sun san misali ake bugawa, babu ruɗi.

To, rubuta niyyarka a shafin farko cikin jimla ɗaya. Misali: ina so in nuna yadda maƙwabtaka ta shekara hamsin ke watsewa cikin wata ɗaya, da abin da ke rage wa mutane bayan haka. In jimlar ta ƙi fitowa, labarin bai nuna ba tukuna, ka ƙara haƙuri. Kuma tun a nan ka yanke wa kanka abin da alƙalaminka ba zai taɓa ba: asirin gidan wani, da zunɗen mutumin da kowa zai gane shi ko da ka sauya masa suna. Giba ba ta tashi daga giba don an sanya mata babi.

Fasali na biyu: sanin ƙarshe tun farko

Alƙur'ani gaskiya ne tsantsa, ya fi ƙarfin a kwatanta shi da ƙagaggen zance. Amma mai neman koyon jeranta labari ba shi da makarantar da ta kai Suratu Yusuf, mai aya 111. Ta buɗe da mafarkin yaro, ta kai ga fassarar mafarkin a Masar, duk abin da ke tsakani kuwa hanya ce daga wannan zuwa wancan. Dubi riga kaɗai. An kawo ta ga uba da jinin ƙarya, ta zama mafarin baƙin ciki. An yage wata ta baya a gidan Azizu, ta zama shaidar kuɓuta. Daga bisani aka ɗauko riga daga Masar aka jefa a fuskar uban, ganinsa ya dawo. Sau uku ta bayyana, kowane zuwa da aikinsa. Darasin a nan shi ne kada ka shigo da abu cikin labari sai ka san inda zai sake fitowa da nauyin da zai ɗauka.

Magabatanmu a rubutun zube sun bi wannan hanya. Daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Ruwan Bagaja, tun farko mai karatu ya san abin da Alhaji Imam ya fita nema, don haka duk yawonsa da ɗauki-ba-daɗinsa da Malam Zurƙe ba sa ɓatar da kowa. A Shehu Umar, an soma da malami zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa, mun san ya tsira, abin da ke riƙe mu shi ne yaya aka yi, da kuma ko uwar da ta bi sawunsa za ta gan shi. Hariri ma bai bar Abu Zaid cikin yaudara ba, a maƙamar ƙarshe ya kai shi ga tuba. Kai ma rubuta babinka na ƙarshe a taƙaice kafin na farko. Tsohon da ka ƙaga zai yarda ya bar gidan, ko sai an ɗauke shi? 'Yarsa za ta auri ɗan maƙwabcin da aka kai Nioko alhali su an kai su wani gefe? Amsar waɗannan ita za ta gaya maka abin da ya kamata ya faru a babi na ɗaya.

Fasali na uku: mutane da wuri da lokaci

Ware wa kowane mutum na labarin shafi guda. Rubuta shekarunsa, da sana'arsa, da abin da yake so, da abin da yake tsoro, da aibinsa, domin mutumin da ba shi da aibi ba wanda zai gaskata shi. Rubuta da wane harshe yake magana da wa. Ɗan Zango yana iya yi wa mahaifiyarsa Hausa, ya yi ciniki da More, harshen Mosawa, ya tsaya gaban ma'aikaci da Faransanci, kuma halinsa na ɗan sauyawa a kowanne. Wanda bai tsara wannan ba sai ka ga mahauci da limami da ɗalibar jami'a duk bakinsu ɗaya.

Wuri kuwa a nan ne aikinka ya fi na kowa wuya, domin ba za ka iya zuwa ka duba ba. Sai ka ɗauki farar takarda da fensir ka tafi wurin tsohuwa, ka gaishe ta, ka durƙusa, ka ce: "Iya, in mutum ya fito ƙofar gidanku ya yi dama, gidan wa zai fara tararwa?" Tana faɗa kana ja da layi. Ina mai ƙosai ke zama, ina famfo yake, ta wane lungu ake bi zuwa makarantar allo, daga ina ake jin kiran assalatu. Sannan ka kai takardar wurin wani dattijo ya gyara maka. In sun saɓa, rubuta duka biyun, kada ka yi saurin yanke hukunci. Wannan taswira ka liƙa ta a bango gabanka, kada jaruminka ya fita ta gabas a babi na biyu ya dawo ta ƙofar da babu ita a babi na tara.

Haka lokaci. Jera aukuwar labarin a layi ɗaya, ka sanya wace ta zo da azumi, wace da damina, wace da hunturu. Ka bambance abin da tarihi ya tabbatar da abin da kai ka ƙaga, kada ka jingina wa mutumin gaske maganar da bai faɗa ba.

Fasali na huɗu: kasa tafiya zango-zango

A da, madugu ba ya tayar da ayari daga Kano sai ya san inda za a kwana kowane dare, da inda ruwa yake, da inda ake biyan fito. Haka babi-babi suke. Rubuta layi biyu a kan kowanne: wa ke ciki, me ya sauya. Babin da babu abin da ya sauya a cikinsa, cire shi ko da ya yi maka daɗi. Ka kuma zaɓi bakin da zai ba da labarin. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya ba aku dalilin yin magana: yana tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Wannan dalili ɗaya shi ya ɗaure labarai masu yawa suka zama littafi.

Wani zai ce tsari yana kashe ilhama. Mutumin Wagadugu bai kamata ya faɗi haka ba, a birnin da ake bikin fina-finai na FESPACO tun 1969, inda Gaston Kaboré ya kafa cibiyar Imagine don horar da masu wannan sana'a. Duk mai fim ya san ba a kunna kyamara sai an gama rubutu da tsari. Tsari ba ya hana sabon tunani zuwa ana cikin aiki, sai dai ya ba ka ma'aunin da za ka gane ko tunanin na labarin ne ko baƙo ne. In ya fi abin da ka tsara, koma ka gyara tsarin, sannan ka ci gaba.

Kammalawa

Addininmu ya hore mu da kyautata aiki, ya kuma sanar da mu cewa za a tambaye mu abin da harsunanmu suka furta da abin da hannayenmu suka rubuta. Magana takan wuce a manta, rubutu kuwa yakan daɗe bayan mai shi ya kwanta dama. Watakila littafinka ne kaɗai inda jikanka zai ga Zango, to kada ka miƙa masa unguwar da ka haɗa cikin gaggawa. Je ka wurin tsofaffi tun suna nan, gyara niyya, san ƙarshe, san mutanenka, sannan ka ce bismillah ka fara.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa waɗannan unguwanni, ya haɗa kan zuriyarsu duk inda aka kai su, ya tsare alƙalumanmu daga ƙarya da cin mutunci, ya sanya abin da muka rubuta cikin mizanin alherinmu. Allah ne mafi sani, kuma gare shi muke neman dacewa.