Hajar da Ba Ta Shiga Buhu

A farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuyar gani bayan an sauya fasalin naira, masu POS sun ga kasuwar da ba su taɓa gani ba. Auta yana cikinsu. Yana da ɗan teburi da lema a bakin titi a Birnin Kudu, ba nisa da asibitin tarayya, inda masu jinya daga ƙauyuka ke yin layi tun da sassafe don su sami tsabar kuɗin magani da na abinci. Kafin abin ya lafa ya tara abin da bai taɓa riƙewa ba a rayuwarsa, kuma kuɗin suka hana shi barci.

A cikin wannan rashin barcin ne ya ci karo da wani bidiyo a waya. Wani Ba'amurke ne yake bayanin yadda ake sayen sunan shafin intanet da araha, a ajiye, a sayar da tsada. Ya kawo labarin Business.com da aka sayar dala miliyan 7.5 a 1999, da Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019. Duka biyun gaskiya ne, an yi cinikin. Abin da mai bidiyon bai tsaya a kansa ba shi ne miliyoyin sunayen da masu su ke biya wa kuɗi kowace shekara ba tare da ko mutum ɗaya ya taya ba.

Auta yaro ne mai kaifin kai, cikin mako guda ya gane yadda abin yake tafiya. Kowane shafi yana da suna, kuma mutum biyu ba sa riƙe suna ɗaya a lokaci guda. Wanda ya riga yin rajista shi ne da shi. Sunayen da ke ƙarewa da .com wani kamfanin Amurka ne mai suna Verisign yake kula da kundinsu. Namu na gida, masu ƙarewa da .ng, suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005 aka damƙa mata ragamarsu a 2009. Ba wajen waɗannan ake zuwa kai tsaye ba, akwai kamfanonin rajista a tsakani, har da na Najeriya masu karɓar naira. Kuɗin .com a lokacin bai wuce dala 10 da 'yan kai ba a shekara. Ya lissafa, ya sake lissafawa, ya ga in suna ɗaya tak ya faɗa hannun mai kuɗi, ya gama da zaman lema.

Jarin ne ya ga bai kai ba, sai ya hau mota ranar kasuwar Sara don ya sami kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, mutumin Gwaram wanda ya tsufa a sarin riɗi da gyaɗa. Ya tarar da shi a kan buhu yana duba awo. Bayan gaisuwa ya zayyana masa komai, ya rufe da cewa, “Kawu, ai sana'arku ce. Ku saya da kaka, ku zuba a sito, in kaya ya yi daraja ku fitar.”

Kawu ya saurara har ƙarshe, don ba mutum ne mai katse yaro ba. Sannan ya ce, “To, Auta, wannan hajar taka wa ke cin ta?”

“Ba ci ake yi ba, Kawu. Kamfanoni ke saye.”

“Wane kamfanin? Ka san shi? Ya aiko?”

Auta ya ce ba a sanin mai saye sai ya zo. Kawu ya gyaɗa kai, ya ɗebi riɗi a tafin hannu ya mayar. “Wannan in farashi ya karye zan sayar da faɗuwa, amma zan sayar, don daga nan har Dawanau akwai mai so. In ma duniya ta ƙi, a gidana a yi kantu. Naka in ya yi kwantai me kake yi da shi?”

“Sai in sabunta shi shekara mai zuwa.”

“Da kuɗi?”

“Da kuɗi.”

“Ashe haya ka kama. Ni ba na sa kuɗina a cinikin biri a sama, ɗana. Allah ya ba da sa'a.”

Auta ya koma gida ransa a ɓace, yana ganin tsufa ne ya hana Kawu fahimta. Mahaifiyarsa, Inna, ce ta ga fuskarsa ta tambaya. Ba ta gane bayanin ba, amma ta gane ɗanta ne, kuma bai taɓa cin mata ko sisi ba. Ta ɗauki kwasar adashinta, ta sa aka kai tumakinta biyu kasuwa, ta haɗa ta ba shi. A nan ne labarin yake yi mini ciwo, domin a garuruwanmu irin wannan jarin kusan kullum daga ɗakin uwa yake fitowa, daga kuɗin da aka tara naira-naira don ranar ciwo ko ranar auren 'ya.

Ya yi rajistar sunaye 40, kusan rabi .com, sauran na gida. Wasu ya haɗa sunan amfanin gona da sunan jiha, wasu sunayen garuruwa ne da kalmar kasuwa ko otal a gefe, wasu kuma kalmomin Turanci ne da ya liƙa su biyu-biyu don ya ga irinsu sun yi kuɗi a bidiyo. Ya jera su a Sedo da Afternic, kasuwannin da ake baje kolin irin wannan haja, ya sa wa kowanne farashin dubban daloli. Sai jira.

Damina ta sauka ta ɗauke, babu ko sallama. Ana cikin kaka saƙo ya shigo daga wani da ya ce shi wakilin attajiri ne a Turai, yana son suna ɗaya a kan dala 15,000. Sharaɗinsa guda ne: a kawo takardar kimanta darajar sunan daga wani shafi da shi ya nuna, don ubangidansa ba ya sayen abin da ba a kimanta ba. Auta ya biya kuɗin takardar da ribar wata biyu ta teburinsa. Takarda ta fito, ya aika, mai saye ya ɓace. Wannan tsohuwar damfara ce a sana'ar: mai tayin da mai shafin kimantawar mutum ɗaya ne, kuma kuɗin takardar yake nema tun farko. Mai saye na gaskiya ba ya sa mai kaya ya biya kafin ciniki. Auta bai gaya wa kowa ba.

A Fabrairun 2024 saƙonnin sabuntawa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin nan gwamnati ta saki naira a kasuwa tun Yunin 2023, dalar da ake lissafawa ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500. Sunayen .com da dala ake biyan asalinsu, ko da naira ka miƙa wa kamfanin rajista, don haka kuɗin riƙe su ya ninka ya kuma ninka. Ga jarin Inna ya narke, ga haya ta zagayo, ga azumi na ƙaratowa.

Matsi ne ya kawo masa dabarar da ta fi ta farko muni. Akwai wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa a yankin, wanda sunan kamfaninsa ke jikin buhuna a shaguna daga Birnin Kudu har Dutse, amma ba shi da shafi. Auta ya duba ya ga ba a kama sunan ba. Ya kama shi, na .com da na .com.ng, ya rubuta wa manajan cewa sunan kamfaninsu yana hannunsa, in suna so su kawo naira miliyan 2, in ba sa so akwai wasu masu shinkafar da za su so.

Bai san Alhaji da Kawu sun yi shekaru suna haɗuwa a layin awo ba. Kwana uku da shiga azumi aka aiko ya zo Gwaram.

Bayan an sha ruwa Kawu ya sallami yara daga zaure, ya bar su su biyu. Bai ɗaga murya ba.

“Sunan nan da ka kama, kai ka raɗa shi?”

“A'a, Kawu. Amma ba su yi rajista ba, doka ta ce wanda ya riga...”

“Ban tambaye ka doka ba tukuna. Mutumin nan na san shi yana sussuka da hannu. Buhu bayan buhu ya gina sunan, bai taɓa zuba tsakuwa don awo ya cika ba, shi ya sa mata ke cewa a sayo musu tasa. Darajar da kake son sayar masa, wa ya zuba ta a ciki?”

Auta ya yi shiru.

“Sauran sunayenka ban ce haram ba ne. Wauta ce, kuma kuɗin 'yar'uwata ne, amma ba ka zalunci kowa ba. Wannan kuwa ka tsaya a ƙofar gidan mutum ka ce sai ya biya ka zai shiga. Har da barazanar ba abokan hamayyarsa. A gidanmu ba a yi wannan ba.”

Dokar ma da Auta ya so ya fake da ita ba ta tare da shi. Ɗan Alhaji lauya ne a Dutse, kuma ya riga ya nuna wa mahaifinsa sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya haramta kama sunan wani mutum ko na kasuwancinsa da gangan ba da izini ba don a hana shi amfani da shi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun. A waje ma haka abin yake. Tun 1999 hukumar ICANN ta kafa tsarin sasanta irin wannan rikici, kuma hukumar WIPO da ke Janiba tana cikin masu yanke hukunci. In mai ƙara ya nuna sunan ya yi daidai da tambarin kasuwancinsa, wanda ya kama ba shi da wata alaƙa ta halal da shi, kuma da mugun nufi ya kama, sai a karɓe a ba mai shi. Wasiƙar neman miliyan 2 ita kanta hujja ce a kan wanda ya rubuta ta.

Washegari Kawu ya sa shi gaba har ofishin Alhaji. Auta ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, na yi kuskure, a yafe mini.” A gaban manaja ya buɗe waya ya mayar da sunayen biyu zuwa asusun kamfanin. Alhaji ya tambayi nawa ya kashe a rajista, ya sa aka ƙirga masa daidai, ko naira ba a ɗora ba. Ya ce don darajar Kawu magana ta mutu, ya juya ga baƙinsa. Na ga dacewar hakan. Da ya yi masa kyauta, da yaron ya tashi da tunanin cewa hanyar ta biya.

A mota Kawu ya ce ya karanto masa sunayen 40 ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya karanta sai ya tambaye shi, “Faɗa mini mutum uku masu rai da wannan zai yi wa amfani a sana'arsu.” Inda Auta ya kasa, sai a wuce. Shida suka tsira. Sauran ya bar su suka faɗi. Sunan .com da ba a sabunta ba yakan ɗan jira, sannan ya shiga kwana 30 na fansa da tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan ya koma fili kowa ya iya ɗauka. Da wa'adin ya cika Auta ya riƙa dubawa, yana tsoron ya ga wani ya wawushe su ya yi arziki da su. Watanni suka wuce suna nan a banza, babu wanda ya kula su ko a kuɗin rajista.

Ranar da ya gaya wa Inna gaskiya, har da ta takardar kimantawa, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya rubuta abin da take binsa a takarda ya kai wa Kawu ya ajiye, kuma duk ƙarshen wata ya kawo abin da ya samu.

Cikin shidan akwai wani gajeren suna na Turanci da ya shafi fitar da riɗi waje, mai ƙarewa da .ng. Wannan karon bai zauna jira ba. Kawu ya ba shi lambobin 'yan kasuwar Dawanau masu tura riɗi ƙasashen waje, ya bi su ɗaya-ɗaya yana bayani cewa masu saye daga Turkiyya da Japan sun fi sakin jiki da wasiƙar da ta fito daga adireshin kamfani a kan wadda ta fito daga Gmail. Yawancinsu suka ce ba sa bukata. Ɗaya, wanda ɗansa ya yi karatun kasuwanci, ya ce a yi magana.

Kawu ne ya karɓi wayar ranar ciniki. Mutumin ya taya dubu 80, Kawu ya ce albarka. Ya ƙara, Kawu ya sake cewa albarka, ya tambayi lafiyar iyali, ya koma kan farashin riɗin bana, sannan suka dawo. A dubu 220 ya sallama, da sharaɗin Auta zai haɗa musu adireshin wasiƙa da ɗan shafi mai hoton sito da lambar waya, a biya shi ladan aikin daban. Kuɗin aka ajiye a hannun wani dillali da su biyun suka yarda da shi, sai da sunan ya koma asusun mai saye aka saki. Kawu ya cire la'adar dillali, ya cire tasa, don ya ce ciniki ba ya san dangi, ya miƙa sauran ga Inna da hannunsa, ya ciro takardar ya rage.

Abin da ya saura a takardar ya fi wanda aka biya. Auta ya koma ƙarƙashin lemarsa, ya ƙara rubutu a jikin allon cewa ana buɗe wa 'yan kasuwa da makarantu shafi da adireshin wasiƙa. Cikin sunaye biyar da suka rage ya sake sakin biyu da shekara ta zagayo, kuma har yanzu duk ƙarshen wata yana hawa motar Gwaram a rage masa lissafi.