Agogon Masu Nutso a Ƙasar da Ba Ta da Teku

Daga cikin mas'alolin da zamani ya kawo mana, waɗanda malamanmu na da ba su riska ba balle su ware musu babi a littattafansu, akwai wata wadda a zahirinta ƙarama ce, amma in an bi diddiginta sai a tarar ta taɓa dukiya, ta taɓa niyya, ta kuma taɓa hakkin maƙwabci. Ita ce mas'alar agogon nan na hannu da Turawa suka ƙera domin masu nutso cikin teku, wanda yanzu ake ganinsa jefi-jefi a hannun attajiranmu da 'ya'yansu in sun dawo daga fatauci a Dubai ko daga aikin Hajji, a nan Birnin Ƙonni, garin da tsakaninsa da bakin teku mafi kusa akwai nisan sama da kilomita 700. Na ainihi daga cikin irinsa, kamar wanda kamfanin Rolex ke kira Submariner, kuɗinsa ya haura miliyan 5 na sefa, kuma wannan na baƙin ƙarfe ke nan, ba na zinariya ba. Shin ya cancanci wannan kuɗi, kuma shin ya dace Musulmi ya biya?

Adalci ya wajabta a fara da faɗin alherin abin, domin ba don alfahari aka ƙirƙiro shi ba. Wanda ya shiga ƙarƙashin ruwa da tulun iska a bayansa, numfashinsa ƙidayayye ne, kuma duk mita 10 da ya ƙara nitsewa ruwa na ƙara danne shi da nauyi kwatankwacin na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Idan ya daɗe fiye da kima, ko ya taso da gaggawa, jininsa na iya yin kumfa ya shanye masa gaɓoɓi ko ya halaka shi. Saboda wannan larura ne a shekarar 1953 kamfanin Blancpain na ƙasar Suwizalan ya fito da agogon Fifty Fathoms tare da shawarar sojojin ruwan Faransa, Rolex kuma ya fito da nasa a wannan shekarar. Sun toshe duk kafar da ruwa zai shiga, sun shafa wa hannuwan agogon abin da ke haske cikin duhu, sun kuma ɗora masa wani zobe mai lambobi a bakin gilashi, wanda mai nutso ke juyawa ya saita da hannun minti kafin ya shiga ruwa. A irin na yanzu zoben nan gefe ɗaya kaɗai yake juyawa, domin in dutse ya buge shi ya gusa, kuskuren ya zama na nuna wa mutum cewa lokacinsa ya ƙure tun bai ƙure ba, ya fito da sauran iska. Wannan hikima ce ta wanda ya san darajar rai, kuma ni ina ganin girmanta. A watan Janairu na 1960, lokacin da Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka ramin Mariyana cikin jirgin nutso mai suna Trieste, zurfin da ya kusa mita 11,000, an ɗaura wani agogon gwaji na Rolex a jikin jirgin ta waje, ya je ya dawo yana aiki.

Sai dai larurar da ta haifi agogon ta daɗe da gushewa. Tun da Seiko na ƙasar Japan ya fito da agogo mai batir a ƙarshen 1969, daidaiton lokaci ya daina zama abin da mai kuɗi kaɗai ke mallaka. Rolex na alkawarin cewa agogonsa ba zai yi gaba ko baya da fiye da daƙiƙa 2 a yini ba, wato kusan minti guda a wata, alhali ƙaramin Casio na roba da ɗan makaranta ke saye da 'yan jakunkuna kuskurensa bai cika wuce rabin minti a wata ba. Masu nutson ma da kansu yau wata 'yar kwamfuta suke ɗaurawa, mai auna zurfi da lokaci tare. An rubuta mita 300 a fuskar Submariner, amma masu nutson nishaɗi ba sa wuce mita 40, mu kuwa ruwanmu mafi yawa shi ne na madatsun Mozage da Zango a kwarin Maggiya, waɗanda ke shayar da gonakin rani na Ƙonni, kuma mutanen da ke sauka cikin zurfi a ƙasarmu su ne maginan rijiyar Adar, da igiya a ƙugu, ba wanda ya taɓa jin sun nemi agogo.

To, mene ne hukuncinsa? A nan wajibi ne a yi hattara, domin haramta abin da Allah bai haramta ba laifi ne mai girma kamar halatta abin da Ya haramta. Wanda aka yi da zinariya maganarsa a yanke take, tun da zinariya da alharini an hana su ga mazajen wannan al'umma, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ko zoben azurfa sai da aka iyakance wa namiji guda ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba. Amma na ƙarfe, asalinsa halal ne, kuma tsada kaɗai ba ta mayar da halal haram. An ruwaito cewa Imamu Malik da kansa yana sa tufafi masu kyau masu daraja, musamman in zai zauna karantar da hadisi, kuma ya tabbata cewa da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, bai lissafa wannan cikin girman kai ba, sai ya mayar da girman kai ga ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Don haka masu gaggawar cewa duk mai agogo mai tsada ɗan wuta ne sun faɗi abin da ba su da hujja a kansa.

Amma kasancewar abu halal ba shi ne ƙarshen bincike ba, domin israfi a cikin halal yake aukuwa, kuma ba shi da wani adadi yankakke da za a ce daga nan ya fara. Ana auna shi ne da halin mutum, da hakkokin da ke wuyansa, da kuma halin wurin da yake zaune. Imamu Shaɗibi ya kasa maslahohin ɗan Adam gida uku, na larura, da na buƙata, da na ƙawa, kuma ƙa'ida ce cewa na ƙawa ba ya shiga gaban na larura. Mutumin da ya fitar da zakkarsa cif, ya sauke nafaƙar iyalinsa, babu bashin kowa a kansa, ya biya leburorin da suka cire masa albasa a Galmi tun guminsu bai bushe ba, ya kuma san halin da 'yan'uwansa na ƙauye suke ciki a watannin bazara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, wannan in ya sayi agogon daga rarar dukiyarsa ba ni da bakin zarginsa. Abin da nake tsoro shi ne, a garin da kowa ya san gidan kowa, da wuya mai miliyan 5 ta rara ya iya cewa bai san ƙofar da kuɗin nan za su shiga su ceci rai ba, ko su sayi injin ban ruwa ga manoma da dama, ko su ɗauko simintin Malbaza a rufa wa almajirai ɗaki. Jahilcin halin maƙwabci uzuri ne da mazaunin babban birni zai iya kawowa, mu kam ba mu da shi.

Masu sayensa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Wani ya ce agogon da ruwa ba ya shiga ƙura ma ba ta shigarsa, mu kuwa ƙurar hunturu ita ce ajalin agogo. Wannan gaskiya ne, sai dai Seiko da Casio suna yin masu irin wannan toshiya a kan kaso kaɗan na kuɗin. Wani ya ce, ai araha ba ta ado, kuma shi aikin hannun gwanaye yake girmamawa, ƙananan haƙora da marfi da ƙarfen naɗi sama da ɗari waɗanda ke tafiya da motsin hannu kaɗai ba tare da batir ba, abin da zai bar wa ɗansa gado. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, domin son kyakkyawan aiki ɗabi'a ce ta mutanen kirki. Amma a dubi adon iyayenmu. Babbar riga mai aska takwas ita ma tsada gare ta, ita ma ba sanyi kaɗai take karewa ba, sai dai kuɗinta kafin su gama tafiya sun bi ta hannun manomin auduga, da tsohuwa mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da maɗinkin da ya yi watanni yana duƙe a zaure da allura, da mabugin da ya fito mata da sheƙi, dukansu kuwa mutanen ƙasa ne masu iyali. Attajirin da ya sa ta ya ciyar da unguwa guda kafin ya yi kwalliya. Kuɗin agogon kuwa tafiya ɗaya suke yi zuwa Janeba, har gyaransa ma, wanda ake so a yi kamar bayan shekara goma, sai an fitar da shi waje an biya da kuɗin ƙetare, domin mai gyaran agogo na kasuwarmu ba shi da kayan da zai buɗe shi ya mayar da toshiyarsa yadda take.

Akwai kuma masu cewa ajiya ce, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta zube a 2023, ya ga 'yan canji tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya suna sauya farashi safe da yamma, ya kuma ga yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli na wannan shekarar ya tsayar da kasuwa cik, zai fahimci dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke neman abin da zai riƙe daraja. Sai dai farashin waɗannan agoguna a kasuwar na hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022 sannan ya gangaro, kuma ranar da buƙata ta taso, saniya ko albasar da ke cikin rudu a take ake samun mai saye, agogon kuwa sai an nemi wanda ya san shi, ya yarda da takardunsa. Sannan mai wannan hujja ya sani cewa ya sauya wa abin hukunci da bakinsa, domin kayan amfanin kai babu zakka a cikinsu, amma abin da aka saya da niyyar sayarwa in ya yi tsada hajar kasuwanci ce, kuma malaman Malikiyya sun ce mai jiran kasuwa irin wannan zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a faɗi. A kasuwa za ka ga yaro da faifan agoguna a hannu, an jera su a kan jan ƙyalle, da mai baƙin zobe da mai kore, kowanne da ɗan kambin nan a goshinsa da rubutun mita 300, ana ciniki a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba. A wurin ɗaurin aure, daga nisan taku uku, babu mai iya rarrabe wannan jabun da na ainihi, kuma mafi yawan mahalarta ba su ma san akwai bambanci ba. Saboda haka wanda ya sayi na ainihi domin idon mutane bai sami abin da ya biya ba, sai fa in ya buɗe baki ya faɗi kuɗin da kansa, ko ya riƙa janye hannun riga yana duba lokacin da bai buƙaci sani ba; da zarar ya yi haka kuwa ya fita daga babin ado ya shiga babin riya da neman shuhura, wanda malaman tarbiyya irin su Imamu Gazali suka daɗe suna gargaɗi a kansa. Zuciyar wani ba mai iya shiga, kuma haramun ne in yanke wa kowa hukunci da zato, amma kowa na iya gwada kansa: in an ce ya sa agogon har ƙarshen ransa bisa sharaɗin kada kowa ya san sunansa ko kuɗinsa, zai saya?

Mu mutanen wannan yanki muna da abin tunawa da ya fi kusa da mu fiye da kowa. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma riwaya ta nuna kakanninsa a ƙasar Ƙonni suka fara zama. Sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi ya miƙa wa Shehu miskali 500 na zinariya, Shehu bai ce dukiyar ƙazanta ce ba, ya dai ƙi karɓa ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar, cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Ya san abin da zinariyar za ta iya saye, sai ya ga akwai abin da ya fi ta amfani ga jama'a a wannan ranar, ya zaɓe shi. Ƙanensa Abdullahi kuma, da ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga tara dawaki da tufafi bayan nasara a jihadi, har barin rundunar ya yi ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi.

A nawa ganin, agogon ya cancanci wani yanki na kuɗinsa saboda ingancin ƙarfe da gwanintar maƙera, sauran kuwa, wanda shi ne mafi yawa, kuɗin suna ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mutumin Ƙonni ya biya shi ba. Ko da a ce wani ɗanmu ya tafi neman abinci ya zama mai nutso na gaske a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko a rijiyoyin man da ke cikin tekun Najeriya, abin da aikinsa zai nema a gare shi shi ne kwamfutar nutso, da agogon da ya cika sharuɗɗan ma'aunin ISO 6425 a matsayin madadi in ta lalace, kuma Seiko da Citizen suna sayar da irin wannan a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Submariner ba.