Tsingaro a Cikin Yumɓu

Kafin tukunya ta hau murhu, yumɓunta ya riga ya sha wuya a hannun maginiya. A ƙauyukan Kudancin Kaduna akan haƙo yumɓu a bakin rafi ko a fadama, a shanya, a daka, a tsince tsakuwa da saiwoyi, sa'an nan a jiƙa shi ya kwana. Daga nan sai cuɗa, har ya yi laushi bai ɗaya. Amma akwai matakin da yakan ba baƙo mamaki. Bayan duk wahalar tsintar datti, sai maginiya ta ɗauko tsingaron tsohuwar tukunya da ta fashe, ta daka shi, ta zuba garin a cikin yumɓun da ta gama tsabtacewa.

Tana da dalili. Yumɓu zalla yakan tsuke ƙwarai in yana bushewa, har ya tsage. In kuma ya shiga wuta, sauran damshin da ke cikinsa ba ya samun hanyar fita. Tsingaro kuwa ya riga ya ga wuta, ba ya ƙara tsukewa, don haka yakan riƙe sabon yumɓun. Wannan sani ya daɗe a ƙasar nan. Siffofin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a ramin kuza a 1928, da sanannen kan nan da aka samu a yankin Jama'a ya kai hannun Bernard Fagg a Jos, cike suke da ɓarɓashin dutse da ido ke gani. Sun haura shekara 2,000, ga su nan har yau.

Iyaye a Kafanchan da kewaye suna riƙe da nasu tsingaron. Akwai rikicin Maris 1987 da ya tashi daga Kwalejin Ilimi, akwai na Zangon Kataf a 1992, akwai na bayan zaɓen 2011 da ya cinye kasuwar Kafanchan. Gidaje da yawa, na Kirista da na Musulmi, suna da sunan wanda bai dawo ba. Shin wajibi ne a gaya wa yaro waɗannan abubuwa, ko kuwa ƙauna ita ce a tace masa su sarai?

Masu cewa a yi shiru suna da hujja, ba kuwa ta tsoro kaɗai ba: yaro bai ci bashin ba, don me za a ɗora masa biya? Sai dai shirun gida ba ya hana labari zuwa. Yaro zai ji shi a tasha, ko a wayar abokinsa, daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa kuma yana da abin da yake nema da fushinsa. Ranar nan zai shiga wuta yana yumɓu zalla.

Kuskuren ɗaya ɓangaren ya fi muni, ya kuma fi yawa. Akwai uban da ke miƙa wa ɗansa tsingaron yadda ya fashe, da kaifinsa: ga abin da suka yi mana, ga irinsu. Ba maginiyar da za ta cusa guntun kasko a bangon sabon tulu. Ta san daga gefensa tsaga za ta fara, zai kuma yanke ta tun tana cuɗa.

Aikin yana wurin dakan. Labarin da aka daka bai rasa gaskiyarsa ba: an faɗi wanda ya mutu, an faɗi cewa zalunci ne. Amma an faɗi har da maƙwabcin wancan addini da ya ɓoye mutane a ɗakinsa, da abin da namu suka aikata da ba a son tunawa, an kuma raba mai laifi da kabilarsa. Wannan yana cin shekaru, kuma ba daidai ba ne a tsaya a kan gwauruwa ana ce mata ta yi sauri. Wani tsingaron ba ya dakuwa a turmin mutum ɗaya, sai an kai shi zumuntar mata ko gaban dattawan ikilisiya an kama mata taɓarya.

Maginiya ba ta da ma'auni. Takan ɗebi yumɓun ta murza tsakanin yatsu, in ta ji abu ya soke ta, sai ta ajiye ginin ta koma turmi.